Daminar da Kuɗin Mama Tabita Suka Mutu

Daminar bana ta zo da wasa da hankali. Ruwa ya sauka mai kyau, kowa ya ruga gona ya yi shuka, sai kuma sama ta ɗauke kamar an rufe famfo. Masara ta fito ta tsaya tana naɗe ganye, mudun dawa kuma a kasuwar Kafanchan kullum da sabon kuɗinsa. Jikata Alheri ce mai kawo mini labarin, don ita ke zaune da ni tun da gwiwoyina suka ƙi zuwa kasuwa. Rannan ta dawo ta zauna tana latsa waya tana tsaki, wai dalar Amurka ta sake hawa. Na ce mata, ke da ko Abuja ba ki taɓa kwana ba, me ya haɗa ki da kuɗin Amurka? Ta ce, “Kaka, ai ita ke sa komai tsada, har daddawa.” Sai ta tambaye ni ko gaskiya ne wai a da naira ɗaya ta fi dala ɗaya ƙarfi.

Gaskiya ne. Da idona na ga zuwan naira, ina amarya da goyo. Amma ni in aka ambaci lokacin, ba ƙarfin naira ke zuwa mini a rai ba. Surukata Mama Tabita nake tunawa, da tulunta, da 'yarta Saratu, sai in ji abinci ya fita raina.

Mama Tabita gajeruwar mace ce, mai ƙarfin hannu da ƙarfin baki. A ƙauyenmu da ke gindin dutse, tafiyar safiya ɗaya zuwa Kafanchan, ba wanda ke yi mata musu ya kwana lafiya. Da yarenmu take yin yawancin maganarta, Hausa kuwa sai in za ta yi faɗa ko ciniki. Ta ga kuɗi iri-iri a rayuwarta. Tana yarinya da kuɗin wuri ake aikenta sayen gishiri. Ta ga zuwan anini da kwabo mai huji, ta ga taro da sisi da sule. Ta ga an cire kan sarkin Ingila an sa na sarauniya, kuɗin bai fasa sayen gishiri ba. Abin da ya tsaya mata a zuciya shi ne lokacin yaƙin basasa, da aka canja takardun fam cikin gaggawa. Mijinta, Baba, ya sayar da citta ya naɗe takardunsa ya cusa cikin gora a jinkar ɗaki. Yana kwance ba lafiya labari ya zo, kafin ya miƙe wa'adi ya wuce. Noman shekara guda ya zama takardar banza. Su kuwa kwabban Mama da take ɗaurewa a bakin zane suka ci gaba da aikinsu kamar ba a yi komai ba.

Tun daga ranar ta yanke hukunci. Takarda tana mutuwa, ƙarfe ba ya mutuwa. Bayan rasuwar Baba, duk abin da ta samu a daddawa da kiwon aladu sai ta mai da shi ƙarfe, ta zuba a wani tulu da ta binne a ƙarƙashin gadonta. Kuɗin yunwa take kiransu. Takan ce ranar da rumbu ya yi shiru, tulu zai yi magana.

Naira ta shigo a farkon shekarar saba'in da uku, muna gama bukin sabuwar shekara. Mijina Yohanna malamin firamare ne, don haka bayan sujada Fasto ya ce ya tashi ya yi wa ikilisiya bayani. Malam ya gyara kwalar rigarsa, ya fara da cewa fam ɗinmu ba ƙaramin kuɗi ba ne, a da kafaɗa da kafaɗa yake da fam na Ingila, da Turawa suka rage darajar nasu ma namu bai bi su ba. Ba wanda ya damu da wannan. Sai ya zo kan abin da ake jira: fam ɗaya naira biyu, sule goma naira ɗaya, sule ɗaya kuma sabon kwabo goma. Wani dattijo ya ɗaga sanda daga baya ya ce, “Malam, tsaya. Tun ina yaro kwabo sha biyu ne sule. Biyun nan wa ya cinye?” Majami'a ta kaure da dariya. Wani kuma ya fita yana murna wai fam biyar ɗinsa ya haihu ya zama goma, sai da ya je sayen bargo ya ga shi ma bargon ya haihu.

Da muka koma gida Malam ya durƙusa a ƙofar ɗakin uwarsa.

“Mama, ki fito da kuɗin nan in kai banki a canja miki. Wannan karon har da ƙarfen za a janye.”

“Haka suka ce?”

“Haka gwamnati ta ce, Mama.”

“To gwamnati ta zo ta janye. Ubanka ya bi takarda, ka ga inda ta kai shi. Ni ba zan ɗauki ƙarfe in ba yaron banki ya ba ni ganye ba.”

Ya sake gwadawa bayan wasu watanni, ta yi kunnen uwar shegu da shi. A wurinmu ɗa ba ya kokawa da uwarsa a kan abin da ke ƙarƙashin gadonta, balle ni matar ɗa, da ko sunanta ba na kamawa. Ga shi kuma kasuwa tana ta karɓar tsohon kuɗi da sabo tare, kullum Mama ta dawo sai ta ce, “Ina mutuwar?” Ana cikin haka aka yi wa Malam canjin wurin aiki zuwa wata makaranta wajen Samaru Kataf, ba ya zuwa gida sai ran Asabar a kan keke. Maganar tulu ta kwanta.

Daminar waccan shekarar ba ta cika ba. Ruwa ya ɗauke dawa tana fitar da kai, zangarniya ta tsaya rabi tsaba rabi iska. Mu ma da sauƙi, don daga arewa labarin da ke zuwa ba daɗin ji. Fulani suka gangaro da shanu tun kafin lokacinsu, shanun duk haƙarƙari a waje. Manyan motoci suka riƙa shigowa kasuwanninmu suna kwashe hatsi, mutane suna ganin sababbin takardu masu ƙamshi suna sayarwa. Mun ci abin da muka girbe da rani, muna taƙaitawa. Da ruwa ya dawo a shekara ta gaba, muka yi shuka, muka fara noman farko, sai na shiga rumbu wata safiya na ji ƙafata ta taɓa daɓe.

Wanda bai yi yunwar damina ba bai san ta ba. Duniya kore shar, ko'ina ruwa, ƙasa tana ƙamshi, amma ba abin da ya nuna. Da safe in dama kunu tsararo wanda kana iya ganin gindin ƙwarya, mu sha mu tafi gona. Rana ta fito bayan ruwa ta dafa bayan mutum, tururi yana tashi daga kunya, in ka sunkuya da fartanya ka ɗago sai ka ga taurari. A hanyar dawowa in tsinko rama da tafasa da yakuwa, in yi fate wanda ganye ya fi tsaki yawa nesa ba kusa ba. In an yi ruwan yamma shinge, ƙwaron nan mai fiffike, ya tashi, yara da manya mu bi shi da kwanuka, a soya, ranar an ci nama ke nan. Ɗana Bulus yana tsotso yana sakin nono yana kuka, don babu abin kirki a ciki. Idon kowa yana kan acca, ita ce mai fara nuna, amma da sauran tafiya.

A irin wannan safiya ce Mama ta kira ni ɗakinta. Na tarar ta janye gado, ta tone ƙasa, ga bakin tulu a buɗe. Fuskarta tana haske kamar ranar Kirsimeti.

“Uwar Bulus, zauna. Yau ranar ta zo.”

Ta cusa hannu ta ɗebo, kwabbai masu huji da taro da sisi, jefi-jefi sule, sun yi sanyi sun yi kore-kore. Ta ƙulle mini a tsumma ta ce in je Kafanchan in auno dawa, in da canji in haɗo da manja. Ni dai na daɗe ban ga irin kuɗin a hannun kowa ba. Amma na ce wa kaina wataƙila a birni ana karɓa. Na goya Bulus na kama hanya.

Ban san ranar da gwamnati ta rufe maganar tsohon kuɗi ba, na dai san ranar da na ji daga bakin kasuwa. Baba Iro mai hatsi, wani dattijon Bahaushe da muke ciniki da shi tun zuwana gidan, ya kwance tsumman ya duba, ya dube ni.

“Matar Malam, daga wane rami kika tono waɗannan?”

“Na Mama ne, Baba.”

“Allah sarki. 'Yata, kuɗin nan sun mutu. Ko sulen da aka daɗe ana lallaɓawa yanzu ba mai karɓa. In na karɓa ni wa zan ba?”

Na je banki, wani ma'aikaci ya yi mini magana da mutunci, ya ce lokacin canji ya wuce. Na fito na zauna a gindin mangwaro kusa da tashar jirgi, ƙullin yana cinyata, na rasa inda zan sa kaina. In koma in ce wa Mama me? In ce guminta na shekaru, daddawar da ta dafa har hayaƙi ya ci mata ido, duk ya zama abin wasan yara? Da wane bakin? Ina da 'yan kuɗin da Malam ya bar mini na sabulu da kananzir. Na koma wurin Baba Iro na auni abin da suka iya saya, na ɓoye ƙullin Mama a ƙasan kwando.

Da na sauke kayan, Mama ta zuba hannu cikin dawar tana murzawa. Ta ce, “Ba na faɗa ba?” Na ce, “Kin faɗa, Mama.”

Ran Asabar na gaya wa Malam komai a bayan rumbu. Ya share fuska da hannu, ya ce, “In ta ji, zai kashe ta. Ki bar ta. Duk abin da ta ba ki ki karɓa, ni zan riƙa ba ki na awo.” Haka muka ƙulla, kuma wallahi a lokacin gani muke alheri muke yi. Duk ranar kasuwa Mama ta ba ni ƙulli, in ajiye a ƙasan akwatin aurena, in je in auno da albashin Malam. Albashin bai taka kara ya karya ba, har kwanonin aurena na sayar a ɓoye. Amma tukunya tana tafasa, Mama kuma ta miƙe. Tafiyarta ma ta canja. A taron zumuntar mata ta tashi ta ba da shaida cewa Ubangiji ya ba ta hikima ta riƙe ƙarfe, ga shi ƙarfe yana ciyar da gidanta. Matan nan duk sun san gaskiya, suna zuwa kasuwa. Suka sunkuyar da kai suka ce amin. Matar Fasto ta matsa mini hannu a waje ta ce, “Kin kyauta, Allah ya yi miki albarka.” Kaina ya ƙara girma, ina jin ni wata ce.

Sai ga Saratu.

Saratu yayar Malam ce, tana aure a wata 'yar unguwa can cikin daji bayan Fadan Kagoma. Mijinta ya tafi yaƙi bai dawo ba, ya bar ta da yara da gona mai faɗi. Ta iso da ƙafa, zanenta jiƙe, wuyanta ya zama kamar na kaza. Mutuniyar kirki ce, ba ta da hayaniya, tun da na zo gidan “matarmu” take kirana tana tsokanata. Da ta sha ruwa ta huta, ta faɗi abin da ya kawo ta. Ciyawa ta tashi wa gonarta, ita kaɗai ba za ta iya ba. In ba a yi noman nan cikin 'yan kwanaki ba, dawar ta tafi, kuma baɗi ba ta san abin da za ta ba yara ba. Gayya take so ta kira, amma ba ta da ko mudu ɗaya.

Yaran yanzu ba su san gayya ba, sun san ɗan kwangila da maganin feshi. A lokacinmu ka sa rana, ka gaya wa maza, su zo da manyan garemani su jeru, mai ganga yana bin su a baya, kafin rana ta karkata gonar da za ta ci maka wata guda ta zama tas. Ba a biyan kowa ko anini. Abu ɗaya ne a kanka: ciki. Kunu mai kauri da hantsi, wake da manja da tuwo da rana, kowa ya ci har ya bari. A shekarar yunwa kuwa, mutum yakan bar tasa gonar ya zo taka saboda wannan cin. Ka tara maza ka bar su da yunwa, ka zage su ke nan, kuma ba za su sake amsa kiranka ba.

Mama ta saurara, ta yi murmushi, ta ce, “Wannan ne ya sa kike kuka? Tashi mu shiga ɗaki.” Ina tsakar gida ina tankaɗe, ina jin ƙarar ƙarfe yana zuba cikin ƙwarya. Hannuna ya tsaya. Suka fito, Saratu tana rungume da ƙulli kamar jariri, amma fuskarta da shakka. A unguwarsu ba a cika taɓa kuɗi ba, musaya ake yi, a ba da wake a karɓi gishiri, sai dai ta ji ƙishin-ƙishin. Ta dube ni a gaban Mama ta ce:

“Matarmu, a wajenmu na ji an ce an daina karɓar irin waɗannan. Da gaske a Kafanchan ana karɓa?”

Mama ta riga ni. “Tuwon da kika ci yanzu da me aka saya? Uwar Bulus, gaya mata.”

Idon Mama yana kaina, cike da alfahari. Idon Saratu yana kaina. Na buɗe baki na ce, “Ana karɓa, Yaya.”

Kalma biyu. Na ce a raina zan ja ta gefe kafin ta tafi. Amma Mama ba ta rabu da ita ba, tare suka kwana, da safe kuma ita ta yi mata rakiya har ƙetaren rafi, ni an bar ni da tukunya a wuta da Bulus da zazzaɓi. Na ce to, Asabar Malam zai zo, ya hau keke ya bi ta da kuɗin gaske. Aka kwana ana ruwa aka tashi ana ruwa, rafuka suka cika suka tumbatsa, Malam bai zo ba. Da na so, da na bar Bulus wurin maƙwabta na bi ta da ƙafa. Na yi ta lissafin abin da zan ce wa Mama in ta tambayi inda za ni, har kwanakin suka ƙare.

Abin da ya faru daga baya muka ji. Saratu ta koma gida ta bi ƙofa-ƙofa ta sa ranar gayya, ta kama mai ganga. Ana jibi gayya ta ɗauki babban ɗanta da buhu, suka taka har Kafanchan, tunda matar ƙaninta ta ce can ana karɓa. Ta bi rumfunan masu hatsi ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka yi mata dariya, wasu suka tausaya. Ta koma hannu wofi, kuma lokaci ya ƙure da za ta bi mutane ta ce an fasa. Maza suka zo da garemani, ganga ta tashi. Hantsi ya yi ba kunu. Ta dafa ganye da ɗan gishiri ta kawo, ta durƙusa tana ba da haƙuri. Ba su zage ta ba, sun san gwauruwa ce. Amma mai yunwa ba ya ɗaga garma. Ɗaya bayan ɗaya suka saɓa suka tafi, aka bar gonar an ɗan taɓa gefe guda.

Da rana tsaka Saratu ta shigo gidanmu, ranar ma Malam yana nan. Ba ta yi sallama ba. Ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta ajiye ƙullin a gaban Mama, ta kwance. Kwabbai suka gangara cikin taɓo.

“Mama, ga kuɗinki. Sun mutu. Sun daɗe da mutuwa, kowa ya sani sai ni da ke.”

Mama ta dubi kuɗin, ta dubi ɗanta. Malam ya sunkuyar da kai. Ta juyo kaina.

“Uwar Bulus. Hatsin da muke ci fa?”

Na shiga ɗaki na jawo akwatin aurena na buɗe a gabanta. Ga ƙulle-ƙullenta nan duka a jere, ko ɗaya ban kwance ba. Na zube a ƙasa ina kuka ina cewa, “Mama, ki gafarta mini, ba mu so ranki ya ɓaci ba ne.”

Na zaci za ta yi faɗa, irin faɗan da ake ji har majami'a. Da ta yi, da na ji sauƙi. Sai ta yi magana a hankali, da yarenmu.

“Raina kuka tsare. To gonar 'yata fa, wa ya tsare?” Ta nuna bayan gida, inda uwar aladenta take kwance. “Ga alade can. Da kun gaya mini ba ni da komai, ranar da Saratu ta zo da na sa an ja ta kasuwa. Da ta ciyar da gayya har a yi saura. Ina da abin da zan taimaki 'yata da shi, kuka rufe mini ido. Kuka bar ni na tashi a gaban mata ina ba da shaida, suna cewa amin.” Ta tsugunna tana tsince kwabban daga taɓo ɗaya-ɗaya, tana gogewa da zanenta. “Kun mai da ni yarinyar da ake ba duwatsu a ce ta je ta yi kasuwa.”

Washegari aka sayar da aladen. Muka kwashi hatsi muka tafi unguwar su Saratu, ni da Malam da Mama da kanta, da 'yan'uwa kaɗan da suka amsa. Amma lokaci ya wuce. Ciyawa ta kai ƙugu, dawar ta yi rawaya ta siririce a ƙarƙashinta, in ka ja ciyawa sai ta taho da shuka. Mun yi kwanaki muna fama, hannuwana suka farfashe, ban ji zafinsu ba, so nake ma su fi haka. Da kaka abin da Saratu ta girbe bai kai ta ko tsakiyar rani ba. Ta raba yaranta gidajen dangi, babban ya bar makaranta, ita kuma ta tafi Kaduna aikin gidan wasu. Ba ta sake noma gonar nan ba. Mun shirya daga baya, ta riƙa zuwa Kirsimeti, muna gaisawa lafiya lau. Amma “matarmu” ba ta sake fitowa daga bakinta ba, sai “uwar Bulus”.

Acca ta nuna a lokacinta, kamar kullum. Ranar da na tuƙa tuwon sabuwar acca, gida ya cika da ƙamshi, na kai wa Mama nata na durƙusa na ajiye. Ta dubi kwanon, ba ta taɓa ba. Ta ce, “Wannan na waye?” Na ce, “Na gonarmu ne, Mama, wadda ke bayan rafi.” Sannan ta wanke hannu. Daga ranar har ta koma ga Ubangiji, shekaru masu yawa, ban taɓa ajiye mata abinci ba ta yi wannan tambayar ba. Ba da faɗa ba, ba da gori ba. Tambaya kawai take yi, ta jira amsa, ni kuma in faɗa mata gaskiya: na albashin Malam ne, na cittar da aka sayar ne, bashi ne daga wurin Baba Iro. Ta daina tashi ba da shaida a zumunta. Tulun kuma ta wanke shi ta mai da shi na ruwan sha.

Kwabban suna nan a akwatina har yau. Alheri ta taɓa ganinsu ta ce in ba ta ɗaya ta yi sarƙa, na hana.

Ban gaya wa Alheri duk wannan a ranar da ta yi tambayar dala ba. Na dai ce mata gaskiya ne, naira ta yi ƙarfi a da. Da ranar kasuwa ta zagayo, na jawo jakata daga ƙarƙashin filo, na ƙirgo mata 'yan takarduna na fanshon Malam, kamar yadda na saba, na ce ta auno mana hatsi. Ta karɓa da hannu biyu ta ce, “To, Kaka.” Da yamma ɗan acaɓa ya sauke ta da rabin buhun masara, da shinkafa, da galan na manja, har da kifi. Na zauna ina kallon kayan. Gwiwoyina ne suka daina zuwa kasuwa, kunnuwana ba su daina ba. Abin da na ba ta ko manjan nan ba zai saya ba. Na tuna yadda Bulus yake kiranta a waya daga Kaduna duk ranar kasuwa, ta fita waje tana magana ƙasa-ƙasa.

Ta shigo tana fara'a ta ce, “Kaka, kin ga kuɗinki sun yi albarka yau.”

Na ce ta ajiye wayar ta zo ta zauna kusa da ni. Ta zauna. Na ɗora hannu a kan buhun na ce, “Alheri, dube ni. Wannan na waye?”